Gona Sittin, Girbi Hamsin da Tara

Kwamfutar ofishinmu ta fi ni gata, kuma abin yana ci mini rai. Ita aka sa wa na'urar sanyaya ɗaki, ita ake lulluɓewa da ƙyalle in an tashi daga aiki, in wuta ta ɗauke kuma ita ake tayar wa janareta a guje. Ni kuwa Kudirat, da na je har Zariya na koyo yadda ake yi mata magana, kujerar katako aka ba ni mai gajeriyar ƙafa ɗaya. A shekarar 1985 ke nan, a wani ofishin aikin gona da ke Funtua. A garin aka haife ni, a nan uwata ta tsufa tana sayar da kwanuka a kasuwa. Ita ake ce wa Iya Mai Kwano, ni kuma 'yar Iya mai inji.

Aikin wannan shekarar ba mai wuya ba ne a faɗe. An raba wa manoma sittin a ƙauyuka huɗu sabon irin masara su gwada, kowa da yawan takin zamanin da ya zuba. Da damina malaman gona suka kawo awon takin kowace gona, na shigar. Da kaka suka kawo awon masarar da aka cire, shi ma na shigar. Abin da shugaban sashenmu, Mista Donatus, yake so shi ne zane: layi ɗaya a kwance na taki, ɗaya a tsaye na masara, kowace gona ɗigo ɗaya a tsakaninsu. Manya za su zo daga Kaduna a ƙarshen mako. Su kuwa manya ba sa karanta lambobi, ɗigo suke so su gani yana hawa sama su gyaɗa kai.

Na rubuta wa kwamfuta umarninta dalla-dalla. Ɗauko lamba ɗaya daga jerin taki, ɗauko ɗaya daga jerin masara, haɗa su, haka har sau sittin, sannan a zana. Na danna. Injin zane, wani faffaɗan abu mai hannu da ke riƙe alƙalami, ya ja layin kwance, ya ja na tsaye, ya tsaya cak. Kwamfuta ta rubuto mini da Turanci, ba ko sannu, wai lambobi sun ƙare mata a hanya.

Na ce, "Sun ƙare miki ko kin cinye?"

Da farko kaina na zarga. Na duba ko na manta waƙafi tsakanin lambobi biyu sun manne sun zama ɗaya. Babu. Na duba ko na sa ta fara ƙirga daga sifiri maimakon ɗaya, kuskuren da ya taɓa sa malaminmu ya jefe ni da alli. Shi ma babu. Na sauya faifai, na kashe na kunna, na ma ɗan bugi gefenta da tafin hannu lokacin da ba kowa a ɗakin. Sai daga baya hankali ya zo mini, na ƙara mata layi guda na ce kafin ta yi komai ta ƙirga kowane jeri ta faɗa mini. Ta ce taki sittin, masara hamsin da tara.

To, ga ciwon. Gona ɗaya ta ci taki, ba ta kawo labarin girbi ba.

Akwai gajeriyar hanya, kuma na gwada ta don in ga ƙarshenta. Na datse lambar taki ta ƙarshe, jeri biyun suka yi daidai, inji ya kama aiki ba musu. Ɗigogin farko suka hau sama gwanin sha'awa, sauran kuwa suka tarwatse kamar an watsa wa kaji tsaba. Wanda ya zuba taki buhu huɗu ya tashi da ɗan abin da bai kai ya kawo ba, wanda bai zuba komai ba ya cika rumbu. Na gane ba a ƙarshe giɓin yake ba, a tsakiya yake, kuma daga wurin duk wanda ya biyo baya ya ɗauki girbin maƙwabcinsa. Da an rataye wannan zanen a bango, da manya sun koma Kaduna da labarin cewa taki ɓarnar kuɗi ne. Na yayyaga shi na zuba a kwando.

Sai na raba lambobin ƙauye-ƙauye na sa ta sake ƙirgawa. Sha biyar, sha huɗu, sha biyar, sha biyar. Mai sha huɗun Gidan Jibo ne, wani ƙauye ta wajen Kafur, kuma malamin gonarsu shi ne Malam Shitu. Na ciro takardarsa. Daga gona ta ashirin da biyu ya tsallaka ta ashirin da huɗu, bai bar ko fili ba, ni kuma da nake shigarwa awon masara kawai nake kallo. Na koma takardar damina na ga sunan mai gona ta ashirin da uku, wani Malam Mati.

Raina ya yi sanyi. Na ɗauka mantuwa ce, a kira Shitu ya faɗi lamba a wuce wurin. Da na san abin da zai biyo baya, da na fara tarar shi ni kaɗai kafin in kai wa Oga.

Shi Mista Donatus ba mugu ba ne, amma an taɓa cutarsa. Bara waccan ya kama malaman gona biyu da ba sa zuwa gona. A teburin mai shayi suke zama su ƙirƙiro lambobi, har da 'yan gutsattsari don abin ya yi kama da gaske. Ya kore su, kuma tun daga nan in ya ga giɓi a takarda sai ya ji ƙanshin shayi. Wanda aka kora da wannan sunan kuwa ya gama aikin awo a ƙasar nan, don labari yana riga mutum isa ofis na gaba.

Aka kira Shitu. Dogo ne siriri, mai magana a hankali, irin mutumin da in ka ba shi aron biro zai biyo ka har gida ya mayar. Ya tsaya gaban tebur, hannu a baya.

"Ka je gona ta ashirin da uku?" in ji Oga.

"Na je, ranka ya daɗe."

"Ina awon?"

Shitu ya gyara tsayuwa, ya sunkuyar da kai.

"Sikeli ne ya lalace?"

"A'a."

"Mai gonar ne ya hana ka?"

"A'a, ranka ya daɗe. Bai hana ni ba."

"To me aka samu a gonar? Faɗa mini da baki, Kudirat ta rubuta."

Shitu ya kalli siminti kamar a nan aka rubuta amsar. Ni da ke tsaye gefe sai da na ji kamar in kama kafaɗunsa in girgiza. Oga ya cire tabarau ya ajiye, abin da yake yi ke nan in ransa ya gama ɓaci. Ya ce wanda ya tsallake gona ɗaya ya ƙi faɗin dalili, ba wanda zai yarda da sauran sha huɗunsa. Za a zubar da lambobin Gidan Jibo gaba ɗaya, Shitu kuma ya kawo makullin babur ɗin ofis kafin baƙi su zo.

Shitu ya ce, "To, ranka ya daɗe." Haka kawai. Mutum mai mata da 'ya'ya uku, ana raba shi da abincinsa, wai "to".

Wannan "to" ɗin ita ta tunzura ni. Maƙaryaci ba ya cewa to, maƙaryaci surutu yake yi, na girma a rumfar kasuwa na sani. Da Shitu ya fita na ce wa Oga ya ba ni mota in je in ga gonar nan da idona. Ya ce aikina inji ne, ba yawon ƙauye ba. Na ce inji ya ce sai da sittin, in kuwa za a zubar da ƙauye guda to ya shirya gaya wa manya inda ƙauyen ya shiga. Ya harare ni, ya ce in tafi da direba in dawo da wuri.

Washegari muka kama hanyar Malumfashi, Shitu a gaba kan babur ɗinsa, muna bin shi a baya. Ko'ina an yanke dawa an jingine, auduga ta fashe fari fat, mutane sai kai da kawowa suke da jakuna. Daga Kafur muka saki kwalta. A bakin wata fadama Shitu ya tsaya, muka ƙarasa da ƙafa.

Ba sai an nuna mini ba. Gonakin gefe duk an kwashe kara an share, ita kuwa wannan ba wanda ya damu ya taɓa ta. Karan masarar bai wuce gwiwata ba, siriri, a ƙone, kuma a gindin kowanne ga busasshiyar wuta-wuta, ciyawar nan mai jan fure da ke manne wa saiwa ta tsotse shuka tun tana ƙarama. Na shiga ciki ina buɗa ganye ko zan ga goyon masara guda. Har na kai ƙarshen kunya na dawo ban ga ko ɗaya ba.

"Malam Shitu, wannan ce?"

"Ita ce."

"Ba a samu komai ba ke nan."

"Kin dai gani, Malama."

"Na gani mana! To me ya hana ka rubuta sifiri? Sifiri ma lamba ce. Ɗan zagaye ɗaya, ka zana ka wuce. A kan wannan za ka bari a kore ka?"

Ya ce a hankali, "A gaban sunan wa zan zana shi?"

"A gaban sunan mai gona, Malam Ma..."

Ya ɗaga hannu da sauri. "Baban Hansai ne."

Hansai matarsa ce, na san ta, takan zo wurin Iya sayen kwano. Sai a lokacin na lura tun jiya bai ambaci sunan dattijon ba ko sau ɗaya, sai dai "mai gonar". Surukinsa ne. Mutumin da ba zai ci abinci a gabansa ba, ba zai haɗa ido da shi ba, in ya hango shi a hanya sai ya sauka daga babur ya tura. Shi Shitu aka ce ya ɗauki biro ya rubuta da hannunsa cewa wannan mutumin ya yi noma bai tashi da komai ba, a kai birni a karanta.

"Kuma ni na kawo mashi irin," in ji Shitu. "Dawa yake shukawa a nan. Ni na ce ya gwada. Na zo ranar awo da sikelina, na tsaya can wajen giginyar can, na juya. Na ɗauki biro ya fi a ƙirga, hannuna ya ƙi. In na ƙirƙiro lamba na yi ƙarya, in na rubuta gaskiya na tona mashi asiri. Sai na ce bari in wuce shiru, halan ba a lura ba."

Na ce, "Mutum ba zai lura ba. Kwamfutar nan kuwa ba ta da kunya ko ta sisin kwabo."

Muna cikin haka na ga Shitu ya zame takalmansa ya durƙusa, ya karkata fuskarsa gefe. Wani dattijo ne ke tahowa ta kan iyakar gona, gajere, mai farin gemu, da lauje a hannu. Wani ya gaya masa motar ofis ta tsaya a gonarsa. Shitu ya gaishe shi da muryar da ni kaina da ƙyar na ji, dattijon ya amsa yana kallon wani wuri daban. Ni ma na rusuna na gaishe shi.

"An zo ganin gona, ɗiyata?"

"E, Baba. Yaya amfani bana?"

"Alhamdu lillahi. Mun gode Allah."

Amsar manomi ke nan, ko rumbu ya cika ko ɓera ya yi hijira daga cikinsa. Na san in na bi ta ladabi za mu kai magariba muna gode wa Allah, Shitu kuma ya rasa aikinsa. Ni kuwa bakin Iya na gada.

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ni ba na iya kwana-kwana. Za a kori Malam Shitu daga aiki. An ce ya rubuta abin da aka samu a gonar nan, ya ƙi rubutawa, ya kuma ƙi faɗin dalili. Oganmu ya ɗauka bai zo ba ne, zama ya yi a gari yana ƙirƙirar lambobi."

Na ji Shitu ya ja numfashi a bayana. Na tabbata a wannan lokacin da ƙasa za ta tsage da ya shige ya ja ta ya rufe.

Dattijon ya sunkuya ya tumɓuke wuta-wuta guda, ya murtsuke ta a tafin hannunsa, ya kakkaɓe. Bai kalli surukinsa ba. Ni ya kalla.

"Da alƙalami gare ki?"

"Akwai, Baba."

"Rubuta. Mati bai cire ko goyo guda ba."

Ya ci gaba, idonsa a kaina.

"Ki ƙara da cewa ba laifin iri ba ne, ba kuma na wanda ya kawo shi ba. Gonar ga ta daɗe da ciwon nan. Dawa tana daurewa ta ba da ɗan abin da ta ba da, na kuwa san masara ba za ta ɗauka ba. Tun ranar da ya zo mani da irin na sani."

"To Baba, me ya sa ka karɓa?"

"Yaro ya taho da abu a hannu, da murnarshi, ya durƙusa ya miƙo mani. In ce mashi ya mai da?"

Na tsaya ina kallon su biyun, ɗaya a durƙushe yana kallon gabas, ɗaya a tsaye yana kallon yamma. Wannan ya ba da gonarsa ta shekara guda don kada ya kunyata wancan, wancan ya ba da aikinsa don kada ya kunyata wannan, ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa uffan, ni kuma ina can Funtua ina dukan kwamfutar gwamnati. Dariya ta taso mini tare da ƙwalla, ban san wadda zan fara ba. Na ciro takardar awon Shitu da na taho da ita daga ofis, na ɗora a gwiwata, na rubuta ashirin da uku a gefe, na zana sifiri ƙato, na sa hannu da sunana.

Na ce, "Shi ke nan. Ba kai ka rubuta ba, ni ce. Ni kuwa ba ɗiyarsa nake aure ba."

Dattijon ya yi ɗan murmushi cikin gemu. Da za mu tafi ya sa aka kawo mini rake daga fadama, ya ce in kai wa Iya. Ga Shitu kuwa abin da ya ce kawai shi ne, "A gaida gida," yana kallon motar.

Da na koma ofis ko mayafi ban cire ba. Na nemo wuri na ashirin da uku a jerin masara, na cusa sifirin tsakanin maƙwabtansa. Na sa ta ƙirga. Taki sittin, masara sittin. Na danna. Inji ya ja layin kwance, ya ja na tsaye, sai hannun nan ya fara tafiya, ɗis, ɗis, ɗis, ɗigogi suna hawa daga hagu zuwa dama kamar yadda ya kamata. Wallahi ban taɓa jin ƙara mai daɗin wannan ba. Wani nauyi ya sauka daga wuyana, har na ji yunwa, sai na tuna ban karya ba. Kafin in tashi na gyara umarnin, na sa kowane awo ya riƙa tafiya da lambar gonarsa, in kuma jeri biyu ba su yi daidai ba ta faɗi gonar da ta ɓace tun kafin ta taɓa alƙalami.

Na kai wa Oga zanen, na ba shi labari tun daga farko. Ya saurara yana juya tabarau. Ya ce wannan shirme ne, aikin gwamnati bai san suruki ba. Ya sake cewa shirme ne. Sannan ya ce shi ma wata rana surukinsa ya shigo masa ba zato, ya cusa sigari da wutarta cikin aljihu, har yau tabon yana cinyarsa. Ya sa aka kira Shitu, ya wanke shi tas, ya ce nan gaba in hannunsa ya ƙi rubutu ya zo ya faɗa a ba wani. Babur kuma ya ci gaba da riƙewa, amma baɗi Dandume za a tura shi.

"Ko can ma kana da suruki?"

"Babu, ranka ya daɗe."

"Ka tabbata? Ka yi tunani da kyau."

Karon farko ke nan da na ga haƙoran Shitu a makon nan.

Da muka fito daga wurin Oga, Shitu ya tsaya a bakin teburina yana kallon zanen da na dawo da shi. Ɗigo hamsin da tara sun yi ayari suna hawa, guda ɗaya kuma yana can ƙasa shi kaɗai, zaune a kan layin kwance.

"Malama, manyan nan za su ga suna?"

"Ba suna. Ɗigo ne kawai."

"Ko sunan ƙauye?"

"Ko shi."

Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya zauna a kan kujerata ba tare da ya sani ba. Ya miƙa yatsa yana bin ɗigogin nan ɗaya bayan ɗaya, yana taɓa su a hankali. Da ya gangaro kusa da na ƙasan sai ya tsaya, ya naɗe yatsan, ya janye hannunsa ya mayar kan gwiwa. Ko a takarda bai yarda ya nuna shi da yatsa ba.